Pontiac GTO da injinanta: me ya ɗaukaka ta, me kuma ya kashe ta?

Abu Hanan:
Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa masu sha'awar motoci. Da yawa daga cikinmu idan aka ambaci Pontiac babu abin da ke faɗo mana a rai sai Vibe, 'yar motar nan da ta cika titunan Kano da Kaduna, wadda a haƙiƙa 'yar uwar Toyota Matrix ce, har injin da ke cikinta ma na Toyota ne. To amma ba da ita sunan Pontiac ya yi tashe a Amurka ba. Motar da ta ɗaukaka wannan reshe na kamfanin General Motors ita ce GTO, wadda ta fito a 1964, kuma ita ake ɗauka a matsayin uwar motocin nan masu ƙwanji, wato matsakaiciyar mota mai ƙofa biyu da aka ɗura wa injin babbar mota, aka kuma sa mata kuɗin da matashi mai aikin albashi zai iya biya.

Asalin labarin shi ne, a farkon 1963 shugabannin General Motors sun hana rassansu shiga tseren motoci, alhali da tsere Pontiac ta gina sunanta tun bayan da Bunkie Knudsen ya karɓi ragamarta a 1956, har ta kai ga Fireball Roberts ya lashe tseren Daytona 500 na 1962 da motar Pontiac. Bayan wannan hani akwai wata ƙa'ida ta cikin gida da ta haramta sa injin da ya wuce kubik inci 330, wato kimanin lita 5.4, a matsakaitan motoci. John DeLorean, wanda shi ne babban injiniyan Pontiac a lokacin, da abokan aikinsa Bill Collins da Russ Gee, suka lura cewa ƙa'idar ta yi magana ne a kan injin da mota ke fitowa da shi na asali, ba ta ce uffan a kan ƙarin kayan da mai saye zai zaɓa da kansa ba. Sai suka mayar da GTO wani ƙari da ake yi wa motar Tempest LeMans a kan kimanin dala 296, kuma a cikin ƙarin akwai inji mai silinda 8 mai kubik inci 389, wato lita 6.4. Sashen sayarwa ya yi hasashen motoci 5,000, amma aka sayar da 32,450 a shekarar farko.

Ra'ayina guda biyu ne, ina kuma son masana su auna su. Na farko, GTO ce ta fara wannan salo, sauran duk bin sahu suka yi. Na biyu, takunkumin man fetur na 1973 ne ya kashe ta, da babu shi da ta ci gaba da mulkinta.

Ɗan Zazzau:
Wa alaikumus salam. Malam Abu Hanan, Allah ya saka da alheri da wannan shimfiɗa, sai dai ra'ayinka na farko yana buƙatar gyara. Tun 1949 Oldsmobile, wanda shi ma reshen General Motors ne, ya ɗauki sabon injinsa mai silinda 8 mai kubik inci 303 ya sa a cikin ƙaramin bodi, aka samu Rocket 88, motar da ta mamaye tseren NASCAR a shekarunsa na farko. A 1955 kuma Chrysler ya fito da C-300 mai injin Hemi mai ƙarfin doki 300. Ke nan dabarar babban inji a bodi mara nauyi ta girmi GTO da shekaru 15.

Abu Hanan:
Na san da zaman waɗannan, ɗan uwa, amma C-300 motar attajirai ce, babba ce kuma mai tsada. Ba ita ce motar da ɗan shekara 22 mai aiki a masana'anta zai shiga wurin dillali ya fito da ita ba. Abin da nake nufi da farawa shi ne wadda ta sa sauran kamfanoni suka tashi tsaye. Kafin 1964 ta ƙare Oldsmobile ya fito da 4-4-2, a 1965 Buick ya fito da Gran Sport, Chevrolet ya sa injin 396 a Chevelle. Babu ɗaya daga cikinsu da ya yi haka saboda Rocket 88.

Tsohon Bakanike:
Yarana, ku bar ni in sa baki ta ɓangaren da na fi sani, wato ƙarfe. Abin da ya sa wannan dabara ta yi wa Pontiac sauƙi fiye da kowa shi ne yadda suka gina injinansu tun daga 1955, lokacin da suka fara da mai kubik inci 287. Chevrolet yana da gidan inji iri biyu, ƙarami da babba, kuma ba a cire ɗaya a dasa ɗaya ba tare da an sauya kujerun inji da salansa da wasu abubuwa ba. Pontiac kuwa gidan injinsa girmansa ɗaya ne daga waje, tun daga 326 har zuwa 455. Bambancin yana ciki, a faɗin ramin silinda da nisan tafiyar fistan. Injin 326 da Tempest ke da shi da injin 389 na manyan motoci irin su Catalina da Bonneville, tafiyar fistan ɗinsu ɗaya ce, inci 3.75. Ramin silinda ne kawai aka faɗaɗa daga kimanin inci 3.72 zuwa 4.06. Saboda haka duk bakaniken da ya iya sauke inji zai iya yin abin da su Collins suka yi a filin gwajin kamfanin da ke Milford a jihar Mishigan, domin kusoshin da suka riƙe ƙaramin su ne za su riƙe babban.

Wannan ne ya sa ni ba na ganin GTO ta 1964 a matsayin gagarumin aikin injiniya. An ba ta kafireta mai maƙogwaro huɗu ta kamfanin Carter, ƙarfin doki 325, ko kuma wanda ya ƙara kuɗi a jera masa kafireta uku masu maƙogwaro biyu-biyu, abin da suka kira Tri-Power, ƙarfin doki 348. A tafiyar yau da kullum ta tsakiya kaɗai ke aiki, sai an taka totur sosai biyun gefe su buɗe. An ƙarfafa sifirin, an sa salansa biyu, an sa sandar giya ta Hurst. Amma ku tambayi birki. Birkin ganga ne mai inci 9.5 a duk ƙafafu huɗu, irin wanda ke jikin Tempest mai silinda 6. Sai a 1967 aka fara ba da zaɓin birkin faifai a gaba. Motar da ta iya gudu ba ta iya tsayawa ba, ni a wurina aikinta bai kammala ba.

Matashin Gareji:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ina da tambaya, domin lissafin ya ɗaure mini kai. Injin Peugeot 504 da muka taso muka gani bai cika lita 2 ba, ke nan 389 ya ninka shi sau uku har da ɗoriya. Amma a yau akwai injina masu lita 2 masu turbo da ke ba da ƙarfin doki 300. Me ya sa suka buƙaci lita 6.4 don su samu abin da bai wuce haka da yawa ba?

Injiniya Mai Ritaya:
Tambaya ce mai kyau, ƙanena. Ƙarfin doki sakamakon abu biyu ne, ƙarfin murɗawa da yawan juyin inji a minti ɗaya. Ƙaramin injin zamani yana samun nasa ne ta hanyar cusa iska da turbo, da feshin mai da kwamfuta ke aunawa, da bawul huɗu a kowace silinda. Injin Pontiac bawul biyu gare shi a kowace silinda, sanduna ke tura su daga ƙasa, kuma babu abin da ke cusa masa iska sai zuƙar fistan. Hanya mafi arha ta ƙara ƙarfi a wancan zamani ita ce ƙara girma, tunda ƙarfe yana da arha kuma galan ɗin fetur bai wuce kimanin santi 30 ba. Ribar wannan girma ita ce ƙarfin murɗawa tun inji bai yi nisa da juyi ba. Mai GTO ba ya buƙatar ya kai allura can sama kafin motar ta manna shi da kujera, kuma irin tseren da matasan Amurka ke yi a lokacin, daga wannan fitilar hanya zuwa waccan ko kuma tazarar rubu'in mil, wannan ƙarfi yake buƙata.

Ɗan Zazzau:
Tunda Baba ya buɗe wannan ƙofa, bari in ƙara da abin da ya sa nake cewa talla ce ta gina GTO fiye da ƙarfe. Sunan kansa daga Ferrari 250 GTO aka ɗauko shi, motar tsere ta Italiya mai silinda 12 wadda guda 36 kacal aka ƙera, abin da ya fusata masoya motocin Turai ƙwarai. Sannan a fitowarta ta watan Maris 1964 mujallar Car and Driver ta buga gwajin da ya girgiza kasuwa, inda ta ce GTO ta kai gudun mil 60 a sa'a, kimanin kilomita 97, cikin daƙiƙa 4.6. Babu wani mai saye da ya taɓa samun haka daga motar da ya ɗauko wurin dillali. Bayan shekaru masu yawa Jim Wangers, mutumin da ke kula da tallan Pontiac, ya bayyana cewa injin 421 aka ɓoye a motar gwajin, wato lita 6.9, kuma dillalin Royal Pontiac ne ya ƙara gyara shi. Kun ga abin da Baba ya faɗa ya dawo, tunda daga waje 421 da 389 kamanninsu ɗaya, 'yan jaridar ba su da yadda za su gane da ido.

Abu Hanan:
Ban musa wannan labari ba, amma ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Da motar ba ta gamsar da masu saye ba, da cinikin ya faɗi a shekara ta biyu. Maimakon haka sai ya haura 75,000 a 1965, a 1966 kuma da aka mayar da ita mota mai cin gashin kanta aka sayar da 96,946, adadin da ba ta sake kaiwa ba. A 1968 da aka sauya mata bodi, aka yi mata bamba ta roba mai launin jikin mota da suka kira Endura, wadda ake nunawa a talla ana dukanta da guduma, mujallar Motor Trend ta zaɓe ta motar shekara. Talla kaɗai ba ta riƙe mutane shekara biyar.

Ummu Salma:
Assalamu alaikum. Ni ba bakanikiya ba ce, tattalin arziki nake koyarwa, don haka ra'ayin Malam Abu Hanan na biyu zan taɓa. Malam, alƙaluman da ka fara kawowa idan ka ci gaba da karanta su za su rushe maganarka. A 1968 an sayar da 87,684. A 1969 an sayar da 72,287. A 1970 sai aka dawo 40,149, a 1971 aka faɗo 10,532, a 1972 kuma 5,807, har kamfanin ya sake mayar da ita ƙari a kan LeMans kamar yadda ta fara. Takunkumin da ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka ƙaƙaba wa Amurka sai a watan Oktoba 1973 ya fara, bayan ɓarkewar yaƙinsu da Isra'ila. Ke nan kafin a yi layin farko a gidan mai, GTO ta riga ta rasa fiye da kashi 90 cikin 100 na kasuwarta. Takunkumin gawa ya tarar.

Abin da ya fara sare ta shi ne inshora. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanonin inshora sun fara ɗora ƙarin kuɗi mai nauyi a kan motoci masu manyan injina, musamman idan mai motar namiji ne da bai kai shekara 25 ba, wato ainihin mutumin da aka ƙera GTO dominsa. Na biyu shi ne gasa. A 1968 Plymouth ya fito da Road Runner, wadda aka cire mata duk wani kayan ƙawa aka bar injin 383, aka sayar da ita ƙasa da dala 3,000, alhali GTO kullum ƙara ado da nauyi da tsada take yi. A 1969 Road Runner ta fi GTO ciniki. Da makaminta aka yaƙe ta, wato arha.

Wani abin lura a gefe shi ne, tashin farashin gangar mai daga kimanin dala 3 zuwa kusan dala 12 a wancan lokaci, wanda ya sa Amurkawa suka guje wa manyan injina, shi ne ya cika baitulmalin Najeriya a zamanin Janar Gowon.

Abu Hanan:
Malama, alƙalumanki daidai ne, amma faɗuwar ciniki daban, mutuwa daban. Mota takan yi rauni ta farfaɗo idan kasuwa ta gyaru. Hujjata ita ce a 1974, da aka ɗora sunan GTO a kan ƙaramar mota Ventura mai injin 350, cinikin ya ɗan ɗaga zuwa 7,058 daga 4,806 na 1973. Akwai sauran numfashi. Tsadar mai da dokar taƙaita gudu zuwa mil 55 a sa'a da aka kafa a farkon 1974 ne suka sa kamfanin ya ga babu amfanin ci gaba.

Ummu Salma:
Motar da ta taɓa kusantar 97,000, idan ta koma 7,000 a kan bodin wata mota daban, ban ga numfashin da ake magana ba, Malam. Suna ne kawai ya rage.

Injiniya Mai Ritaya:
Akwai abu na uku da Malama ba ta kai gare shi ba, kuma a ganina shi ne ya taɓa injin kansa, ba aljihun mai saye kaɗai ba. Ƙarfin waɗannan injina ya dogara ne ga matsi mai yawa a cikin silinda. Na 1964 matsinsa 10.75 ne a kan 1, kuma irin wannan matsi yana buƙatar fetur mai ƙarfi da aka zuba wa sinadarin dalma, in ba haka ba inji ya riƙa ƙwanƙwasa har fistan ya lalace. A ƙarshen 1970 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar tsabtace iska, wadda ta tilasta rage gubar hayaƙin motoci da kashi 90 cikin 100 a cikin 'yan shekaru. Na'urar tace hayaƙi da kamfanoni suka shirya sawa a salansa ba ta jituwa da dalma, domin dalma tana kashe ta. Saboda haka Ed Cole, shugaban General Motors, ya ba da umarnin duk injinan 1971 su iya aiki da fetur mai ƙarancin dalma. Injin 400 na GTO da ke da ƙarfin doki 350 a 1970 aka sauke matsinsa zuwa 8.2, ya koma 300.

Sai dai a nan masu karanta tarihin nan sukan ruɗe, domin a 1972 za su ga an rubuta 250 su ɗauka an sake yanke wani babban kaso. Ma'auni ne aka sauya. Kafin lokacin ana auna inji ne tsirara a kan benci, babu matatar iska, babu cikakkiyar salansa, babu kayan da bel ke juyawa. Daga 1972 aka koma auna shi da duk kayansa kamar yadda yake a cikin mota. A 1971 da Pontiac ya buga ma'aunan biyu, injin da aka ce 300 ne a tsohon lissafi 255 ne a sabo. Don haka duk lambobin shekarun 1960 da muke ta ambata a rage musu wani abu kafin a gwada su da na motocin yau, kuma wannan ma yana cikin amsar tambayar ƙanena na gareji.

Tsohon Bakanike:
Haka ne, Injiniya, amma kada a ɗauka duk lambobin kumbura su aka yi, akwai waɗanda aka danne da gangan. A 1967 kamfanin ya hana kafireta fiye da ɗaya a motocinsa in ban da ƙalilan irin su Corvette, Tri-Power ta tafi, aka faɗaɗa silinda zuwa inci 4.12 injin ya zama 400, aka sa kafireta ɗaya ta Quadrajet. Daga nan hankalin injiniyoyi ya koma kan numfashin inji, aka shiga jerin Ram Air, masu shaƙar iska mai sanyi ta hancin da ke kan bonet maimakon zazzafar iskar da ke kewaye da inji. A 1969 Ram Air III an rubuta masa ƙarfin doki 366, Ram Air IV kuma 370. Duk wanda ya san aikin inji zai yi murmushi, domin na huɗun yana da kan silinda daban mai zagayayyun hanyoyin hayaƙi, da kam mai buɗe bawul sosai, da bututun shigar iska na alminiyam. Ba a yin wannan ɗawainiya saboda doki huɗu. Kamfanin yana da ƙa'idar cewa kowane doki ɗaya sai ya ɗauki nauyin fam 10 na mota, ga kuma 'yan inshora sun zuba ido, shi ya sa aka rubuta abin da zai wuce ba tare da hayaniya ba. Idan za a tambaye ni injin da ya fi kowane a tarihin GTO, Ram Air IV zan nuna, ba 455 ba.

Matashin Gareji:
Baba, ai na ɗauka 455 ne sarki tunda ya fi girma.

Tsohon Bakanike:
Ya fi girma, lita 7.5, kuma ya zo ne a 1970 da aka ɗage ƙa'idar da ta tsayar da matsakaitan motoci a kubik inci 400, wadda ta maye gurbin ta 330 ɗin farko. Amma yawancin ƙarin nasa daga tsawaita tafiyar fistan aka samo shi, zuwa inci 4.21, kuma inji mai doguwar tafiya ba ya son juyi da sauri. Ƙarfin murɗawarsa ya kai fam-ƙafa 500, amma dokinsa 360 ne, ƙasa da na Ram Air IV. A shekarar nan Chevrolet ya fito da Chevelle mai injin 454 mai doki 450, Chrysler kuma yana da Hemi 426 mai doki 425 tun 1966. Ka ga a shekarar da aka saki linzami, wadda ta buɗe hanya ba ita ce a gaba ba. Injin da zai iya rama mata, wato Super Duty 455 na 1973, an yi niyyar ba ta shi amma daga ƙarshe Firebird, wata motar Pontiac daban, ita kaɗai ta samu.

Abu Hanan:
To me za ku ce game da dawowarta a 2004? Ta zo da doki 350, a 2005 aka ƙara zuwa 400 a sabon ma'auni, wanda ke nufin ta fi duk kakanninta ƙarfi, ga birki, ga iya shan kwana.

Ɗan Zazzau:
Mota ce mai kyau, amma Holden Monaro ce da aka ƙera a Ostireliya aka mayar da sitiyarinta hagu aka liƙa mata tambarin Pontiac. Amurkawa sun yi ƙorafin cewa ba ta da siffar da za a waiwaya a kalla, musamman da Ford ya fito da Mustang ta 2005 mai kama da ta shekarun 1960. Shekara uku ta yi, an sayar da kimanin 40,000 gaba ɗaya, aka dakatar a 2006, sannan reshen Pontiac kansa aka rufe shi a 2010 bayan karyewar General Motors a 2009.

Tsohon Bakanike:
Ni abin da ya hana ni lissafa ta a wannan zuri'a shi ne abin da ke ƙarƙashin bonet. LS1 mai lita 5.7 da LS2 mai lita 6 injinan Corvette ne, gidansu na alminiyam ne, babu kuso ɗaya da ya haɗa su da gidan injin da aka faro a 1955. Pontiac ya daina ƙera nasa injin mai silinda 8 tun 1981. Idan jinin inji ake bi, GTO ta ƙarshe ita ce ta 1974 ɗin nan da Malama ta raina, mai injin 350 da doki 200, domin ko ba komai kan silindar 400 zai hau gidanta ya zauna daram.